Tsibirin Lete: Yadda Rajistar Jangali Ta Rinjayi Wasiƙar Gwamna

Daga inda kogin Mekru ya zuba cikin Kwara har zuwa inda ruwan ya shiga Najeriya, tafiya ce ta wajen kilomita 150. A wannan tsakani kogin ya rarrabu, ya bar tsibirai 25. Waɗansunsu tudun yashi ne da ambaliya ke rufewa, waɗansu kuwa akwai tungayen masunta da gonaki a kansu. Babbansu shi ne Lete, wanda ke sama da garin Gaya in an bi ruwa, mai tsawon kilomita 16 da faɗin kilomita 4 ko kusa da haka. Ƙasarsa tana da albarka, kuma ciyawarsa ba ta ƙarewa da rani. A kansa Nijar da Dahome (Benin ta yau) suka ja daga a ƙarshen 1963, kuma sai a 2005 aka yanke wa zai kira shi nasa.

Zamanin Dandi

Abin da ake faɗa a bakin dattawan yankin shi ne Kyangawa ne suka fara zama a wannan gaɓa, kuma ana jingina kafuwar Gaya ga wani Bakyange mai suna Kokowa Manzon. Wannan zance ne na kunne ya girmi kaka, ba a rubuce yake ba. Abin da aka rubuta ya soma ne da faɗuwar daular Songhai. A 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, ƙarƙashin Judar Basha, ta karya Songhai a Tondibi da ƙarfin bindiga. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya kawo labarin yadda Askiya Nuhu ya janye zuwa kudu, ƙasar Dandi, ya yi shekaru yana yaƙin sari-ka-noƙe da Marokawa a cikin dazuzzuka da fadamun bakin kogi.

Daga zuriyar Askiyoyin nan ne gidajen sarautar Gaya da Tanda da Karimama suke jan nasabarsu. Ana cewa a Gaya an yi rabo: ƴaƴan sarakunan Songhai suka riƙe mulki, Kyangawa suka riƙe sha'anin ƙasa da al'adunta. Abin lura a nan shi ne Gaya da Tanda suna gaɓar hagu, Karimama tana gaɓar dama, amma harshe ɗaya ne, jini ɗaya, auratayya ɗaya. Kogin hanya ce a wurinsu. Ba wanda ya taɓa tunanin a raba ƙasa da shi.

A ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, Gwandu ta nemi shimfiɗa ikonta a kan Dandi, ta kuma samu na wani lokaci. Da Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849, Dandawa da Zabarmawa da yawa suka mara wa Kabawa baya, aka daɗe ana kai ruwa rana. Duk da yaƙin, fatake ba su daina wucewa ba. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega zuwa Gwanja neman goro, a wannan yanki yake tsallake Kwara, ta Ilo ko Gaya ko Karimama, ya bi ta Kandi da Jugu. Ga gishirin Foga da ake dafawa a kwarin da ke kusa, ga Sarkawa masu jirage da ke fiton mutane da jakuna, ga Fulani da ke bin ciyawar tsibirai idan ruwa ya janye.

Duk waɗannan mutane sun bar shaidarsu a sunayen tsibiran. Wanda ya karanta jerin da ke cikin hukuncin 2005 zai ga Sansan Gungu, Sini Gungu, Kata Gungu da Lete Gungu, kuma Bahaushen da ya san Gungawan Yawuri ba ya bukatar tafinta a nan. Zai ga Bumba Baru Beri da Bumba Baru Kaina, wato babba da ƙarami da Dandanci. Zai ga Tondi Kwariya Baru mai ɗauke da kalmar dutse, da Sandi Tunga Baru mai ɗauke da tungar masunta. Ƙasa da Gaya kuwa sai Hausa ta fito fili: Ɗan Kore Girawa, Baru Alhaji Ɗan Joda, Alhaji Shu'aibu Baru, Dole Baru. Babu sunan Bature ko ɗaya a cikinsu. Masu su da masu kiwo da masu noma ne suka raɗa su, kowa da harshensa, sau da yawa da sunan wanda ya fara kafa bukka a wurin. Garin da ke tsallake da Gaya ne kaɗai ya sha bamban: an san wurin da Tasi, sai Faransawa suka mayar da shi Malanville don tunawa da Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnoninsu na Dahome.

1894 zuwa 1900: Turawa biyu, sa'an nan Bature ɗaya mai hannu biyu

Faransa ta kafa mulkin mallakar Dahome a 1894, ta shiga tsere da Ingila zuwa bakin Kwara. A 1896 ayarin Hourst, wani hafsan sojan ruwa, ya gangaro kogin da jirage yana aunawa yana zanawa. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba gardama tsakanin ƙasashen biyu: aka sa iyaka mil goma sama da Giri, mashigin Ilo. Ilo ta faɗa hannun Ingila, Gaya da Karimama suka faɗa hannun Faransa.

Da an tsaya a nan, da babu labarin Lete. A watan Agusta 1898 Faransawa sun sa gaɓoɓin biyu cikin gunduma ɗaya ta Dahome. Amma a ranar 23 ga Yuli 1900 Gwamna Janar na Afirka ta Yamma ta Faransa ya ƙirƙiro yankin soja na uku mai hedkwata a Damagaram, ya ce ikonsa ya shafi ƙasashen gaɓar hagu ta Kwara daga Say zuwa tafkin Chadi. Wannan yanki ne ya zama mulkin mallakar Nijar a 1922. Takardar ba ta ce komai a kan tsibirai ba. Ba ta faɗi ko iyakar tana bakin gaɓa ne, ko tsakiyar ruwa, ko inda ya fi zurfi ba. Me zai sa ta faɗa? A idon wanda ya rubuta ta, hagu da dama duk na Faransa ne, rabon aiki kawai ake yi tsakanin ma'aikata biyu. Dokokin 1934 da 1938 da suka sake tsara gundumomin Dahome su ma cewa kawai suka yi gundumar Kandi ta yi iyaka da kogin, ba su ƙara haske ba.

1914: wasiƙar kumandan Gaya

Masu zama a Dakar suna iya barin magana a dunƙule. Wanda ke zaune a Gaya ba shi da wannan dama, domin kullum ƙara tana zuwa ƙofarsa. Bafulatani ya shigar da shanu tsibiri, wa zai ba shi takardar izinin kiwo, wa zai karɓi jangali? Shanu sun yi ɓarna a gona, kotun wane ɓangare za a kai shari'ar?

Waɗannan tambayoyi ne suka sa wani ƙaramin jami'i mai suna Sadoux, kumandan Gaya, ya zagaya kogin ya rubuta sunayen tsibiran ɗaya bayan ɗaya. A ranar 3 ga Yuli 1914 ya aika wa takwaransa na ɓangaren Dahome wasiƙa tare da jerin. Ka'idar da ya kawo mai sauƙi ce: a duba babban reshen kogi, wanda jirgi ke iya bi ko da ruwa ya yi ƙasa. Tsibirin da ke hagu da wannan reshe na Gaya ne, wanda ke dama na Dahome ne. Bisa wannan ma'auni Lete ya faɗo wa Gaya, domin babban ruwan ta gefen Dahome yake bi.

Wasiƙar ba doka ba ce. Sadoux ba shi da ikon shata iyaka, kuma bai yi da'awar yana da shi ba. Sulhu ne na ma'aikata biyu da suka gaji da rigimar makiyaya da manoma. Amma an yi aiki da ita shekara arba'in. Gaya ce ke ƙidayar mutanen Lete, ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke yanke musu shari'a, kumandanta ne ke kai musu rangadi. A 1925 ma'aikatan Dahome suka nemi a yi musanya: a ba su Lete, su kuma su bayar da tsibirai uku da ke daura da garin Gaya, waɗanda ke hannunsu. Ɓangaren Nijar bai yarda ba. Wanda ya nemi musanya kuwa ya riga ya amsa cewa abin ba nasa ba ne, kuma lauyoyin Nijar ba su manta da wannan ba da lokaci ya yi.

A cikin waɗannan shekaru an ci gaba da auna kogin don sufuri. Injiniya Beneyton ya yi aikinsa tsakanin 1926 da 1932 daga Yamai zuwa Gaya. Jirgin ƙasa ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku, motoci suka riƙa ƙarasa kaya zuwa bakin ruwa, har aka gina gadar Gaya da Malanville a 1958.

1954 zuwa 1960: gwamna ya yi magana, jini ya zuba

A ranar 27 ga Agusta 1954 gwamnan riƙo na Nijar, Raynier, ya amsa wata tambaya da ta fito daga Gaya. Ya rubuta cewa iyakar tana bin inda ruwa ke kaiwa idan ya cika a gaɓar hagu, daga ƙauyen Bandofay zuwa iyakar Najeriya, saboda haka duk tsibiran wannan sashe na Dahome ne. Bai kawo dokar da ya dogara da ita ba. Da ma'aikatan Dahome suka nemi a nuna musu tushen maganar, ba a samu wanda ya fito da shi ba. Ita ma Gaya ba ta daina karɓar harajin Lete ba.

Sai dai magana zarar bunu ce. Labarin wasiƙar ya kai gaɓar dama, ya ƙarfafa wa mutanen can abin da suka daɗe suna faɗa. Su a wurinsu, musamman na Goruberi da Karimama, tsibirin gonar kakanninsu ce, Fulani baƙi ne da aka ba aron wuri. Fulanin Lete kuma suna cewa nan suka gaji iyayensu, kuma Gaya suka sani. Kowane ɓangare yana da dattawan da za su rantse a kan nasa zancen. Rikicin gona da kiwo ya yi ta tsananta daga 1959, har a daren 29 ga Yuni 1960 aka far wa tsibirin, aka ƙone gidaje, aka kashe Fulani huɗu na ɓangaren Nijar. Wata ɗaya bayan haka, ranar 1 ga Agusta, Dahome ta sami ƴancin kai, Nijar ta bi ta ranar 3 ga wata. Faransa ta tafi ta bar wa ƙasashen biyu wasiƙu biyu masu karo da juna.

1963 zuwa 1965

Kwamitocin haɗin gwiwa sun zauna a 1961 da 1963 ba su cim ma komai ba. Muddin Hubert Maga yana mulki a Dahome, abin bai wuce gardama ba, don yana ɗasawa da shugaban Nijar Diori Hamani, kuma dukansu suna cikin ƙungiyar ƙawance da Houphouët-Boigny ya jagoranci kafawa a 1959. Da Kanar Christophe Soglo ya kifar da Maga a ƙarshen Oktoba 1963, sai amana ta karye. Gwamnatin Yamai tana zargin sababbin masu mulkin Dahome da sassauta wa ƴan Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary da aka haramta. A watan Disamba Nijar ta sallami ma'aikatan gwamnati ƴan Dahome, waɗanda tun zamanin Turawa su ne malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan gidan waya a garuruwa da yawa. Dahome ta rama da rufe hanya, kayan Nijar suka maƙale a Kwatano. Aka tura soja bakin kogi ta ɓangarorin biyu.

Ba a gwabza ba. Nijar ba ta da teku, Dahome kuma jirgin ƙasanta da tashar ruwanta da kayan Nijar suke ci, don haka kowa ya ji a jikinsa. A ranar 18 ga Janairu 1965, a Yamusukuro, aka amince ƴan ƙasashen biyu su zauna tare lafiya a tsibirin har ranar da za a warware maganar. Wannan rana ta ɗauki shekara arba'in kafin ta zo.

1994 zuwa 2005: zuwa Kotun Duniya

Dahome ta koma Benin a 1975, gwamnatoci suka zo suka wuce, aka gina gada ta biyu a 1988 da 1989, tsibirin yana nan a rataye. An sake samun tashin hankali a 1993 da 1998. Kwamitin shata iyaka da aka kafa ranar 8 ga Afrilu 1994 ya yi zama shida tsakanin 1995 da 2000, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Daga ƙarshe gwamnatin Tandja Mamadou ta Nijar da ta Mathieu Kérékou ta Benin suka sa hannu a Kwatano ranar 15 ga Yuni 2001 cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Hague, kuma duk abin da ta yanke za su karɓa. An shigar da ƙarar ranar 3 ga Mayu 2002.

Alƙalai biyar ne suka yanke hukuncin, Raymond Ranjeva na Madagaska yana shugabanta. Nijar ta zaɓi Mohammed Bedjaoui na Aljeriya a matsayin alƙalinta, Benin ta zaɓi Mohamed Bennouna na Maroko. Ka'idar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita ita ce wadda ƙungiyar haɗin kan Afirka ta ɗauka a Alƙahira a 1964: kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada ranar samun ƴanci. Ma'anar wannan ita ce kotu ba ta zo tambayar wa ya fara sare daji a Lete ba, ba ta kuma zo auna nasabar Askiyoyi ba. Tambayarta ɗaya: a farkon Agusta 1960, a tsarin Faransa, wa ke riƙe da tsibirin?

Benin ta ce iyaka tana gaɓar hagu, ta kafa hujja da takardar 1900 da wasiƙar gwamna ta 1954. Nijar ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta ce babu ɗayansu da ya kawo dokar da ta shata iyakar a fili. Takardar 1900 ta faɗi yankin da aka ƙirƙiro ne, ba ta zana layi ba. Wasiƙar 1954 kuma ba za ta tabbatar da iyakar da ba a taɓa kafawa ba, kuma gwamnan wani yanki ba shi da ikon sauya iyaka shi kaɗai. Tunda takardun manya sun gaza, sai aka koma ga abin da aka yi a aikace: wa ya karɓi haraji, wa ya yi shari'a, wa ya yi rangadi. A nan tsarin Sadoux da rajistocin Gaya suka yi nauyi. Kotu ta lura cewa ko bayan 1954, da aka soma jayayya, ikon Gaya a kan Lete bai yanke ba.

Da ƙuri'a huɗu da ɗaya, Bennouna ne ya saɓa, aka ce iyaka tana bin mafi zurfin babban reshen kogi. Don gano wannan layi an dogara ƙwarai da awon da wani kamfanin injiniyoyin Holan, NEDECO, ya yi a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma jera maki 154 daga bakin Mekru zuwa iyakar Najeriya. Nijar ta sami tsibirai 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Tsibirai ukun nan da ke daura da Gaya, waɗanda aka so a yi musanya da su a 1925, suka tabbata ga Benin, domin hujjar da ta ba Nijar Lete ita ce ta hana ta su. A kan gadojin biyu, iyaka tana daidai saman layin da ke cikin ruwa. A ɓangaren Mekru kuwa Benin ce ta yi nasara: aka ƙi layin da Nijar ta nema bisa wata doka ta 1907, aka ce tsakiyar kogin ce iyaka. Kotu ta ƙara da cewa rabon tsibiran bai taɓa haƙƙin da wani mutum yake da shi na gona ko wurin zama a kansu ba. Wannan jimla ba ta yi suna ba, amma ga manomin Goruberi ta fi sauran hukuncin muhimmanci.

Ana iya gwada wannan da wata rigima ta can ƙarshen duniya. Tsakanin Kanada da Girinlan akwai wani falalen dutse a cikin teku mai ƙanƙara, bai kai murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba. Wani ayarin Amurkawa masu binciken arewacin duniya ne ya sa masa suna tsibirin Hans a farkon shekarun 1870, don girmama Hans Hendrik, ɗan Girinlan da ya yi musu jagora, alhali mutanen yankin suna kiransa Tartupaluk. Kanada da Denmak, mai riƙe da Girinlan, sun yi ta ja-in-ja a kansa daga 1973, sai a Yuni 2022 suka raba shi biyu. Raba dutsen da ba kowa a kansa abu ne mai sauƙi. Lete yana da shanu da gonaki da kaburbura, kuma an kashe mutane saboda shi. A ganina abin yabo ga Nijar da Benin ya fi na waɗancan, domin sun karɓi hukuncin da ya ba ɗaya ya hana ɗaya, ba tare da jan ƙafa irin wanda aka gani a Bakasi ba, inda hukuncin 2002 bai gama aiki ba sai 2008.

Amma kada a ɗauka hukuncin ya gano gaskiyar tarihin Dandi. Abin da ya gano shi ne gaskiyar ofishin Bature. Mutanen da suka raɗa wa tsibiran suna ba su ne aka tambaya ba, wanda ya rubuta sunayen a takarda a 1914 shi aka bi. Kuma layin da aka ja bai hana siyasa sake raba gaɓoɓin ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi layi a ɓangaren Benin, fasinjoji da ƴan kasuwa suka koma tsallake Kwara da kwale-kwale.